Na sauya wa IDM ma'ajiyar wucin gadi: me ya gyaru, me bai gyaru ba

Duk mai aiki da Internet Download Manager, manhajar sauke fayiloli daga intanet wadda aka fi sani da IDM, ya san wannan jiran: layi ya cika, an kai kashi 100, amma fayil bai fito ba. Manhajar na can tana harhaɗa gutsattsarin da ta sauke. In ƙaramin fayil ne ba ka ma lura. In babba ne, kuma kwamfutar ta kwana biyu, sai ka zauna kana kallon fitilar faifai tana ƙyaftawa. Wannan jiran ya sa na sauya wa manhajar wurin da take zuba kayanta na wucin gadi, kuma na jima ina aiki da ita a haka.

Sana'ata gyaran waya da kwamfuta a Computer Village da ke Ikeja, daga Agege nake zuwa. Abin da muke saukewa ba na wasa ba ne. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, manhajar da ake zuba wa sababbin wayoyin Samsung ma takan kai haka ko ta zarce. Ga mai waya tsaye a kanka yana duba agogo, don ya san gosulon da ke jiransa in yamma ta yi.

Sai an san yadda IDM ke aiki kafin a gane amfanin sauyin. Manhajar, wadda kamfanin Tonec ke yi, ba ta jan fayil ta hanya ɗaya. Rarraba shi take yi, ta buɗe hanyoyi da yawa a lokaci guda, 8 a saitin da ta zo da shi, ana iya ɗagawa har 32. Kowane gutsure tana rubuta shi a wata folda mai suna DwnlData, cikin foldar IDM da ke AppData a faifan C. Windows na ɓoye wurin, amma in ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta %appdata% za ka faɗa ciki. Idan an gama saukewa sai ta karanto gutsattsarin, ta rubuta su su zama fayil guda a inda ka ce a ajiye maka.

To a nan ƙullin yake. In ma'ajiyar wucin gadi da wurin ajiyar ƙarshe duk a faifai ɗaya suke, na farko dai sai ka tanadi fili kusan ninki biyu na girman fayil ɗin, don akwai lokacin da gutsattsarin da cikakken fayil ke zaune tare. Na biyu, tsohon faifai mai juyawa hannu ɗaya gare shi na karatu da rubutu. Kamar ɗan dako ɗaya ne a kasuwar Mile 12 ta Legas aka ce shi zai sauke buhunan wannan mota, shi kuma zai loda waccan: rabin ƙarfinsa a kai da komo yake ƙarewa. Faifan da kan iya karanta megabait wajen 100 a daƙiƙa in an bar shi da aiki ɗaya, sai ka ga ya koma rarrafe.

Sauyin kansa ba komai ba ne. A shiga Options, a zaɓi Save to, a ƙasa akwai Temporary directory, a nuna sabuwar folda. A wurin ma manhajar ta rubuta shawarar da kanta, cewa mai faifai fiye da ɗaya ya raba wuraren biyu don haɗawa ta yi sauri. Mutane ne ba sa karantawa. Abin da zan ƙara kawai, a bari duk abin da ake cikin saukewa ya kammala tukuna.

Kwamfutar shagona Windows na kan faifai mai juyawa na terabait 1. Na samu ƙaramin SSD, wato faifai mai sauri wanda ba ya juyawa, mai gigabait 128 da aka ciro daga wata tsohuwar laftof, na jona shi a matsayin faifai na biyu, na buɗe folda ɗaya na miƙa wa IDM. Wani zai ce me ya hana in mayar da Windows ɗin kan SSD gaba ɗaya. Gaskiyarsa, amma duk wanda ya taɓa tara direbobin wayoyi iri-iri, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane waya, har suka zauna lafiya a kwamfuta ɗaya ba ya gaggawar taɓa ta.

Bambancin a bayyane yake. Haɗa babban fayil da a da sai na tashi na sallami wani na dawo, yanzu kafin in gama ɗaure sukurorin waya ya fito. Abin da ma ya fi yi mini daɗi, kwamfutar ta daina sandarewa a lokacin. Da in tana haɗawa ko folda ka danna sai ta yi nazari kafin ta buɗe, saboda Windows ma a kan faifan take neman nata rabon.

Saurin intanet kuwa ko ƙanƙani bai ƙaru ba, kuma ba zai ƙaru ba. Lissafin mai sauƙi ne: layin da ke ba ka megabit 20 a daƙiƙa, megabait 2.5 ke nan, tunda bit 8 ke yin bait guda. Tsohon faifai ma ya fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba. Wanda sabis ke yi wa wasa ya nemi maganinsa wani wuri.

Yaron shagona ya gwada a laftof ɗinsa, ya dawo yana cewa, "Oga, ni fa ban ga komai ba, na mayar da ita D amma jiya i yau." Na ce ya buɗe Disk Management, inda Windows ke nuna faifan da ke cikin kwamfuta. C da D ɗinsa duk a ƙarƙashin Disk 0 suke, wato faifai ɗaya ne aka tsaga biyu. Harafi ya sauya, hannun da ke aikin bai sauya ba. Iyakar ribarsa C ta daina cika, wanda shi ma ba a raina shi ba. Mai son faifai na biyu na gaske a laftof, in tana da wurin DVD, akwai ɗan akwatin da ake zura faifai a maye gurbinsa da shi, kuma ba ya wuyar samu a nan kasuwar.

Akwai wuraren da ban yarda a kai foldar ba. Filash mai araha ya fi faifan da kake gudu nawa, balle a ramin USB 2.0. Faifan waje kuma in an zare an mayar, Windows na iya ba shi wani harafin daban, manhajar ta nemi kayanta ta rasa. Mafi haɗari a wurinmu ita ce dabarar yanko wani ɓangare na RAM, ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita yayin da take kunne, a mai da shi faifai. Sauri kam babu kamarta, sai dai ana ɗauke wuta komai ya goge. A garin da kafin a tada janareta kwamfuta ta mutu, babban amfanin IDM shi ne ta ci gaba daga inda ta tsaya, kuma waɗannan gutsattsarin ne ke ba ta damar hakan. Gigabait 4 na data da ka saya da kuɗinka ba abin ajiyewa a RAM ba ne.

Wata ribar da ban zata ba: da foldar ta fito fili, ina ganin girmanta. Duk abin da aka fara saukewa aka watsar, gutsattsarinsa na nan suna cin fili har sai an goge shi daga jerin manhajar. Yanzu lokaci-lokaci nakan leƙa in share.

Hukuncina ya danganta da kwamfutarka. Mai faifai biyu na gaske, ɗayansu mai juyawa, kuma yana sauke manyan fayiloli, ya yi sauyin yau. Mai ƙaramin SSD da ke yawan cika ya kai foldar babban faifai don ya sami fili. Mai sabuwar laftof da SSD guda mai wadataccen fili ya bar saitin yadda ya same shi, don haɗawar a wurinsa ba ta kai abin da za a tsaya gyarawa ba.