Digirin lauya mai haɗe da shari'ar Musulunci: ya cancanci shekara biyar ɗin?

Ɗalibin Gusau ko Ƙauran Namoda da ke son lauya yakan nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko Bayero a Kano, inda ake haɗa dokar da aka gada daga Ingila da fiƙihun Malikiyya a digiri ɗaya. Shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta JAMB, huɗu ga mai shiga kai tsaye aji biyu, sannan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi. Sai da kiredit a Turanci da adabin Turanci, kuma adabin nan ne ke tare yara da yawa tun a bakin ƙofa.

Ga ɗan Zamfara, kwas ɗin ya ci kuɗinsa. Tun 2000 kotunan shari'a ke aiki da dokar laifuka ta Musulunci a jihar, ga Babbar Kotu a gefe guda. Lauyan da ya san hanya ɗaya kawai, rabin masu ƙara sun wuce shi. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, kuma su ne abincin yau da kullum a kotunanmu.

Nauyin dai ba wasa ba ne. Dokar kwangila, filaye da shaida suna nan daram, a kansu a ɗora mu'amalat (hukunce-hukuncen ciniki da hulɗar jama'a) da murafa'at (ƙa'idojin gabatar da ƙara a kotu). Inda aka fi zubewa shi ne gado, kuma lissafi ne ke kayar da mutane, ba fiƙihu ba. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji rabi, su kuma biyu bisa uku. Asalin mas'ala, wato adadin kason da za a raba dukiyar, 6 ne, amma 3 na miji da 4 na 'yan'uwa sun ba da 7, sai a yi auli, wato a raba dukiyar kashi 7 maimakon 6. A naira 700,000, miji ya ɗauki 300,000, kowace 'yar'uwa 200,000. Wanda ya haddace rabon bai iya haɗa ɓangarorin lamba ba zai miƙa wa miji 350,000, amsar ta lalace.

Rauni na biyu Larabci ne. Abin da ake koyarwa a aji bai isa mutum ya buɗe Tuhfatul Hukkam, littafin alƙalanci na Malikiyya, shi kaɗai ba. Wanda bai taɓa zama gaban malamin zaure ba, ya nemi mai biya masa Risala tun hutun aji ɗaya.