Shafin da na ɗauka nawa ne, ashe haya nake ciki

Ni baduku ne a Birni, nan Damagaram, jakunkuna da takalman fata nake yi. Bara wani yaro ɗan unguwarmu da ya karanci kwamfuta ya lallashe ni ya buɗe mini shafin intanet, jika saba'in. Aikin dai ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Hotunan sun fito ras, ko rezo ya yi rauni shafin yana buɗewa.

Satin farko na rubuta sunan shagona a Google, shiru. Na kira shi da faɗa. Ya ce, "Baba, Google ba shi ne intanet ba, mai nemowa ne kawai. Sai injinsa ya zaga ya tarar da shafinka ya sa shi a kundinsa." Ya nuna mini inda ake rubuta adireshi kai tsaye a sama, nan take ya buɗe. Bayan sati uku kuwa sai ga shi a Google. Wata hajiya daga Yamai ta gani ta sayi jaka goma sha biyu. Ranar har a kasuwar Dole na yi ta yabon yaron.

To, abin da ya ɓata mini rai. Ana saura kwana tara Sallah hajiyar nan ta bugo, ta ce, "Malam, ka rufe shago ne?" Na ɗauko waya hannuna duk rini, na danna. Babu jaka, babu takalmi, sai wani farin shafi da rubutun Turanci. Na ba ɗana ya karanta, ya ce wai wa'adin sunan ya ƙare.

Ashe sunan shafin, wato adireshin nan mai .com, ba saye ake yi ba, haya ce ta shekara-shekara. Kwamfutar da ke ajiye hotunan dare da rana ita ma kuɗinta daban. Ko sau ɗaya yaron bai faɗa mini ba! Kuma da sunansa ya yi rajistar, saƙon gargaɗin duk wajensa ya tafi, shi kuwa yana Agadas, wayarsa a kashe. Kwana shida ina nemansa, a lokacin da ciniki ya fi zafi. Da na same shi sai cewa ya yi, "Baba, yi haƙuri, na sha'afa." Ya ce da an ƙara jinkiri ma, wani zai iya saye sunan.

Shafin ya dawo, na ƙara jika goma sha biyar. Na tambaye shi me ya hana mu ɗauki .ne na Nijar tun farko, ya ce shi ma hayar ce. Hannunsa na da kyau, wannan ban janye ba. Amma har yau lambar sirrin shiga shafin tana wurinsa, sau uku ina aika ɗana ya karɓo, kullum sai gobe.