Awa Biyu a Zauren Takardun 'Yanci na Washinton

Duk wanda ya je Washinton da niyyar ganin takardun da aka kafa Amurka a kansu, wurin da zai nufa shi ne gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wato National Archives. Shiga kyauta ce, sai dai akwai binciken jami'an tsaro a bakin ƙofa, kuma layi kan yi tsawo a lokacin hutun makarantu. Na shiga da hantsi, abin da ya fara tarbata kuwa shi ne ƙarancin haske a babban zauren nan mai ƙubba, domin da gangan aka rage fitilu saboda kada tawada ta ƙara kodewa. Takardu uku ne a jere cikin akwatunan gilashi: Sanarwar 'Yancin Kai ta 1776, da Kundin Tsarin Mulki na 1787, da Ƙudurin Haƙƙoƙi, wato gyare-gyare goma na farko da aka yi wa Kundin, waɗanda aka amince da su a 1791.

A gaban Sanarwar na fi daɗewa. A kan fata aka rubuta ta, kuma ta kode ƙwarai, har yawancin sa hannun mutum 56 da ke ƙasanta sai an ƙura ido ake gane su, ban da na John Hancock da ya fi saura girma. Shekara 35 ta yi a rataye daura da taga a wani ofishin gwamnati, daga 1841 zuwa 1876, rana tana dukanta. A kusurwar ƙasa ta hagu ma akwai shatin tafin hannun wani da ya taɓa dafa ta.

Jumlar da kowa ke nema da ido ita ce wadda ta ce an halicci dukkan mutane daidai da juna, kuma Mahaliccinsu ya ba su haƙƙoƙin da ba a raba su da su, daga ciki akwai rai da 'yanci da neman jin daɗin rayuwa. A fahimtata, daidaiton da ake nufi ya shafi iko ne: babu wanda aka haifa da haƙƙin mulkar ɗan'uwansa, komai fifikonsa a dukiya ko ilimi ko ƙarfi. Shi ya sa jumla ta gaba ta ce halaccin ikon gwamnati daga yardar waɗanda ake mulka yake fitowa. Tunanin ya samo tushe daga John Locke na Ingila, wanda ya ce haƙƙi ya riga gwamnati zuwa, aikinta kawai ta tsare shi. Thomas Jefferson, wanda ya tsara daftarin, ya fayyace manufar a wata wasiƙa da ya rubuta kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a 1826, inda ya ce ba a haifi talakawa da sirdi a bayansu ba, ba a kuma haifi wasu tsiraru da ƙaimi a ƙafa domin su hau su ba.

Taku kaɗan daga nan sai ga shafin farko na Kundin Tsarin Mulki, kuma a nan ne zuciyata ta yi nauyi. A cikinsa aka ce wajen rabon kujerun majalisa za a ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku, ba tare da an ko ambaci kalmar bawa ba. Jefferson kansa ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa, kuma majalisar 1776 ta cire sakin layin da ya yi tir da cinikin bayi daga daftarinsa. Babbar fa'idar zauren a wurina ita ce ya ajiye alkawari da saɓa alkawari kusa da juna, ta yadda mai ziyara ba zai ga ɗaya ya kauce wa ɗaya ba. Waɗanda aka bari a waje da masu goyon bayansu kuwa da jumlar nan ta daidaito suka yi ta kafa hujja: matan da suka taru a Seneca Falls a 1848 sun sake rubuta ta da cewa maza da mata daidai aka halicce su, Frederick Douglass, tsohon bawa mai yaƙi da bauta, ya tuhumi ƙasar da ita a 1852, sannan Shugaba Abraham Lincoln ya jingina jawabinsa na Gettysburg a kanta a 1863, kafin a haramta bauta a 1865.

Ma'aikatan zauren sun amsa tambayoyina cikin haƙuri, kuma ba su gaggauta kowa ba duk da cunkoso. Shawarata ga mai niyyar zuwa ita ce ya karanta Sanarwar a buge tun daga masauki, domin ta cikin gilashin ba za ta karantu ba, sannan ya ware aƙalla awa biyu, saboda a cikin ginin akwai kwafin Magna Carta na 1297, wato tsohuwar takardar Ingila da ta taƙaita ikon sarki, da bai kamata ya fita bai gani ba.