Ƙwaron Taba a Cikin Sigar: Wace Hanyar Kariya Ce Ta Cancanci Kuɗin Mai Saye?

Sigar, wato tabar da ake naɗewa da ganye zalla ba tare da takarda ba, kaya ce mai tsada da masu ita kan ajiye na watanni ko shekaru, kuma babban abin da ke lalata ta a wurin ajiya shi ne wani ƙaramin ƙwaro mai launin ƙasa-ƙasa da ja, wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Masana suna kiran sa Lasioderma serricorne. Yawancin masu saye suna zuba kuɗinsu a kan kyawun akwatin ajiya da ƙyallin katakonsa, alhali kuwa abin da zai raba su da wannan ƙwaro shi ne sanyi, kuma duk kayan da za a saya ya kamata a auna su da wannan mizani tun kafin a tambayi farashi.

Macen ƙwaron tana iya saka ƙwai har kusan 100 a jikin ganyen taba, kuma idan wuri yana da ɗumi ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Tsutsar da ta fito ita ce ke yin ɓarnar, domin takan shafe makonni tana cin ganye daga ciki tana haƙa hanyoyi, sannan ta rikiɗe ta zama ƙwaro mai fiffike wanda zai huda bayan karan ya fita. Saboda haka ramin nan mai girman kan allura da ake gani a jikin sigar ƙofar fita ce, kuma ganin sa yana nufin an riga an gama cin cikin. Girman ƙwaron yana tsayawa idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 17 ko 18 a ma'aunin Salshiyos, yana kuma bunƙasa sosai tsakanin digiri 30 da 35, inda zuriya guda kan kammala cikin wata ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Ledar da ake sanya kowane kara a ciki ba ta hana shi, domin yana huda ta kamar yadda yake huda kwali.

Abin da ya fi muhimmanci mai saye ya fahimta shi ne cewa ƙwan yakan zo ne tare da tabar tun daga inda aka sarrafa ta, kamar yadda wake ke shigowa rumbu da ƙwan ƙwaronsa tun daga gona. Masana'antun Estelí a Nikaragwa, da na Santiago a Jamhuriyar Dominika, da na Danlí a Honduras suna turara ganye da iskar guba a ɗakunan ajiya, da yawansu kuma suna daskarar da kayan da aka gama naɗewa. Kamfanin Habanos, mai fitar da sigar Kyuba zuwa ƙasashen waje, shi ma yana daskarar da kayansa kafin a yi lodi. Wannan ya rage matsalar ƙwarai, amma bai kawar da ita ba, domin kaya na iya sake kamuwa a sito, ko a shago, ko a hanya idan kwali ya kwana a wuri mai zafi kusa da wani da ya kamu. Sigar jabu da ake tallar ta a titunan Habana, babban birnin Kyuba, da rahusa kuwa ba ta bi ta kowane ɗakin sanyi ba, kuma ita ce mafi haɗarin abin da mutum zai iya jefawa cikin akwatinsa.

Zaɓi na farko da kowa ke fara tunani shi ne akwatin laima na katako, wanda ake shimfiɗa wa cikinsa itacen Cedrela odorata na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Itacen yana riƙe laima, yana ba taba ƙamshi, kuma ana cewa ƙamshinsa yana korar ƙwari. Ko da hakan yana da ƙamshin gaskiya, ba ya kashe ƙwai, ba ya kuma hana tsutsar da ke cikin kara ci gaba da cinta. Akwatin katako ba ya sanyaya komai; zafin ɗakin da aka ajiye shi shi ne zafin cikinsa. A Landan ko Jeneba, inda ɗaki kan zauna kusa da digiri 20 galibin shekara, wannan ba babbar damuwa ba ce, kuma daga irin waɗannan wurare ne ƙa'idar ajiya ta digiri 18 zuwa 21 da laima kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ta samo sauƙinta. Amma a Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40, akwatin katako da ke cike da laima ya zama wurin ƙyanƙyasa mafi dacewa da ƙwaron zai iya samu. Ƙari a kan haka, iskar hunturu tana tsotse laimar katako ta kowace kafa, har murfin ya daina zama daidai. A ganina wannan akwati na ado ne da na ɗan abin da za a sha a mako biyu ko uku, ba na ajiyar dukiya ba.

Zaɓi na biyu ba shi da kyan gani, amma ya fi na farko amfani: robar abinci mai murfin da ke kama iska, ko kular da ake zuba ƙanƙara, tare da fakitin daidaita laima irin na Boveda, wanda ke fitar da laima idan wuri ya bushe, ya kuma tsotse ta idan ta yi yawa. Ana sayar da shi a matakai kamar 62 da 65 da 69 da 72, kuma ga wuri mai zafi na 65 ya fi dacewa, domin laima mai yawa tare da zafi tana jawo fumfuna, tana kuma ƙara wa tsutsa jin daɗi. Fa'idar roba a nan ita ce rarrabawa. Idan aka kasa sigar cikin robobi huɗu ko biyar, ƙwaron da ya fito a ɗaya ba zai isa sauran ba, kuma ana iya hango garin da yake zubarwa a ƙasan robar ba tare da an buɗe ta ba. Kula kuma tana rage hawa da saukar zafi tsakanin rana da dare, sai dai kada a ɗauka tana sanyayawa. Bayan kwana ɗaya ko biyu zafin cikinta zai daidaita da na ɗakin. Haka kuma rufe iska ba ya kashe ƙwaron a nan, domin iskar da ke cikin robar tana da yawa, kuma ana buɗe ta lokaci zuwa lokaci.

Daga nan sai na'urorin lantarki, kuma a nan ne ake yawan yin asarar kuɗi, domin iri biyu ne masu kama da juna a ido amma aikinsu ya bambanta. Iri na farko ba shi da kwamfuresa, yana amfani da wani faranti na lantarki mai suna Peltier wanda ke tura zafi daga ciki zuwa waje. Ba ya ƙara, ba ya kuma busar da iska da yawa, shi ya sa masu sigar a ƙasashe masu sanyi suke son sa. Matsalarsa ita ce iyakar abin da yake iya saukarwa kusan digiri 10 ne ƙasa da zafin ɗakin. A ɗakin da ke kan digiri 26 zai kai inda ake so; a ɗakin da ke kan 38 kuwa zai tsaya kusa da 28, wanda zafi ne da ƙwaron ke hayayyafa a cikinsa lafiya lau. Wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki dare da rana bai kamata ya saye shi ba, komai araharsa. Iri na biyu yana da kwamfuresa irin ta firij, yana iya riƙe digiri 18 ko da ɗaki ya yi zafi, amma yana busar da iska a duk lokacin da ya tashi, don haka sai an zaɓi wanda aka ƙera musamman domin sigar, mai tankin ruwa da fanka a ciki, kuma waɗannan su ne mafi tsada a kasuwa. Dukansu biyu suna dogara da wuta mai ɗorewa. Idan aka ɗauke wuta na sa'o'i, cikin na'urar yakan ɗumama, idan ta dawo kuma raɓa ta taru a bangonta, ta jiƙa abin da ke kusa. Mai saye ya lissafa kuɗin sola ko inbata a cikin farashin tun farko. Firij ɗin kicin kuwa ba wurin ajiya ba ne, saboda bushewar iskarsa da warin abinci da taba ke ɗauka cikin sauƙi.

Hanyar da ta fi duk waɗannan tasiri, kuma ta fi su araha, ita ce daskararwa, domin tana kashe ƙwai da tsutsa da ƙwaro baki ɗaya ba tare da guba ba. Ana sanya sigar cikin leda mai zif, a matse iskar ciki a hankali, a sake sanya ta cikin leda ta biyu. Sai ta kwana ɗaya a firij, sannan ta shiga firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na aƙalla kwana uku, sannan ta koma firij kwana ɗaya, daga nan a bar ledar a rufe a ɗaki har ta daina sanyi kafin a buɗe, domin raɓar ta sauka a kan leda ba a kan ganye ba. Wannan shiga da fita daki-daki shi ne ke hana ganyen waje tsagewa, kuma ya fi zama dole ga sigar da aka naɗe da ganyen Kamaru, wanda ake nomawa a gabashin ƙasar da kuma Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, domin ganye ne siriri mai saurin fashewa. Bayan haka sai a bar ta ta huta makonni biyu ko fiye a wurin ajiyarta kafin laimarta ta dawo daidai.

Sai dai ba kowace firiza ce ke kai wannan sanyi ba, kuma alamar taurari da ke jikin ƙofar ita ce ke faɗa: tauraro ɗaya yana nufin digiri 6 ƙasa da sifili, biyu 12, uku ko huɗu kuma 18. Ɗan akwatin ƙanƙarar da ke cikin ƙaramin firij ba zai yi wannan aiki cikin kwana uku ba. Babbar firiza mai buɗewa ta sama, wadda ke cike da kaya, ita ce ta fi riƙe sanyi idan wuta ta ɗauke. Inda wuta ba ta tsayawa, kwana ukun nan ba za a ƙirga su da kalanda ba. Gara a kai mako guda, a kuma sanya ƙaramin ma'aunin zafi mai tuna mafi girman abin da aka kai, domin a san ko sanyin ya karye a tsakani. Akwati cikakke da ba a buɗe ba yana buƙatar lokaci fiye da karare a warwatse, saboda sanyi yana jinkirin isa tsakiyarsa.

Akwai kuma tarkon ƙwaro mai gam da sinadarin jan hankali, irin Serrico na kamfanin Fuji Flavor na Japan, wanda masana'antun taba ke rataye wa a sitonsu. Yana jawo mazan ƙwaron ne galibi, aikinsa shi ne sanar da cewa akwai ƙwaro a wuri, ba gamawa da shi ba. Ya dace da mai shago ko mai babban kabad, kuma a bangon ɗakin ake sanya shi, ba cikin akwatin ba. Mai kara ashirin ko talatin ba ya buƙatar sa. Ma'aunin laima da zafi na lantarki ya fi masa amfani, kuma ana gwada ingancinsa ta hanyar rufe shi cikin leda tare da murfin kwalba mai gishirin da aka ɗan jiƙa, inda bayan sa'o'i ya kamata ya nuna kashi 75.

Abin da ba shi da gurbi a wannan lissafi shi ne maganin ƙwari na gida. Ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin buhunan hatsi tana fitar da irin iskar da masana'antu ke turara ganye da ita, amma su suna yin haka ne a rufaffen wuri da ƙwararrun ma'aikata, kuma wannan iska ta sha kashe mutane a ɗakunan kwana. Fiya-fiya da maganin fesawa kuma suna shiga ganyen da za a kunna wa wuta a zuƙa, ga shi tabar da kanta tana da isasshiyar illa ga lafiya ba sai an ƙara mata wata ba. Dumama sigar a na'urar ɗumama abinci ma, da wasu ke ba da shawara, yana ƙona man ganyen, yana fasa naɗin.

Ga wanda ke zaune a wuri mai zafi kuma wutarsa ba ta da tabbas, tsarin da zan zaɓa shi ne sayen kaɗan-kaɗan, daskarar da duk abin da ya shigo ko daga ina ya fito, sannan ajiyewa cikin robobi daban-daban a cikin kula, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da kicin, domin wannan ƙwaro yana rayuwa cikin garin barkono da citta da kurkur da busasshen kifi, kuma yana tashi da yamma. Na'ura mai kwamfuresa ta dace ne kawai da wanda darajar sigarsa ta ninka kuɗin na'urar, kuma yake da wutar da za ta riƙe ta. A shago kuwa, kafin a biya, a nemi a buɗe akwatin, a duba ƙasansa ko akwai gari mai launin ƙasa, a juya kowane kara, a ɗan buga gindinsa a kan farar takarda. Idan gari ya zubo, a bar akwatin gaba ɗaya, ba karan kaɗai ba.

Idan kuma rami ya bayyana a abin da aka riga aka ajiye, a zubar da duk karan da ya huje a wajen gida, a daskarar da sauran duka har da waɗanda suke da kyan gani, a zuƙe ƙurar akwatin musamman a kusurwoyi da ƙarƙashin tire, a goge shi da tsumma mai ɗan danshin tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir amma marar asid. Fakitin laimar da ke ciki a sauya shi da sabo, akwatin kuma a bar shi a rufe babu komai na wasu makonni ana leƙa shi, kafin a mayar da sigar.