Littafin zanen nan mai baƙin bango: takarda kam ta yi, gam ɗin ne bala'i

Jama'a duk mai shirin sayen littafin zanen nan da ake ta tallarsa a Facebook, wanda ake haɗo shi da gawayin zane da ɗan allo mai maƙali, ya tsaya ya ji tukuna. Ni saboda Bajarawiya na saye shi, maƙabartar sarakunan tsohuwar daular Kush da ke gaba da garin Shandi a Sudan, na daɗe ina burin in zauna gaban dala-dalan in zana su da hannuna ba hoton waya ba.

Da safe komai lafiya lau. Takardar tana da kauri da ɗan kaushi, gawayi na kama ta sosai, kuma shi ake so a wurin don iska da rairayi sun ci duwatsun, ba layi ɗaya da ya miƙe. Dala-dalan can ba irin na Masar ba ne, ƙanana ne masu tsayuwa tsaf, da ɗan ɗakin ibada ta gabas, da yawansu kuma ba kai. Wani ɗan Italiya Ferlini ya zo a 1834 ya dinga rushe su daga sama yana neman zinariya, kayan adon sarauniya Amanishakheto da ya kwasa yanzu haka suna Jamus, abin na ci min rai wallahi. Wannan karyayyen saman na fi daɗewa a kai, takardar ta ɗauki inuwar yadda nake so har na ce a raina kuɗina bai tafi a banza ba.

Rana na take tsaka gam ɗin ya narke. Ina juya shafi sai ga shi a hannuna, kafin in ankara iska ta taso ta kwashi sauran, maƙalin allon ko takarda ɗaya bai riƙe ba. Ni da yaran nan masu raƙuma muka dinga bin takardu a kan rairayi, Allah ya saka musu da alheri, amma wanda na fi so ɗin da muka tsinto duk gawayin ya goge ya zama baƙi ƙirin, aikin safiya guda.

Na yi wa mai kayan magana a WhatsApp, wai ai ba a barin littafi a rana. Malam, kai fa ka rubuta a tallarka na zanen waje ne, a Sudan wane waje ne babu rana? Da farko na yi niyyar cewa a saya don takardar, ko a kai wa mai ɗinkin takalmi ya ɗinke bayan, amma amsar nan tasa ta sa na fasa. Gawayin ma guda biyu a karye suka zo. Ku nemi littafin da aka ɗaure gefensa da wayar ƙarfe, ku kuma tafi da manyan maƙalai naku. Har yau ko haƙuri bai ba ni ba balle kuɗina.