Netflix ga mai neman dariya: tsofaffin wasannin barkwancin Amurka da na yanzu

Ƙaramin tsarin Netflix nake biya, na waya, wanda tun ƙarin kuɗin 2025 ya koma naira 2,500 a wata. Na'ura ɗaya yake ɗauka, hoton ba ya kai na talabijin kyau, amma a fuskar waya babu laifi. Yadda nake yi shi ne in sauke kashi biyar ko shida da daddare lokacin da data take araha, in kalla washegari a shago idan kasuwa ta yi sanyi. Ta wannan fannin ban da ƙorafi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kayan da ke ciki, musamman wasannin barkwanci na minti ashirin da 'yan kai da Turawa ke kira sitkom, domin su kaɗai nake biyan kuɗin dominsu.

A Amurka an daɗe ana musu kan cewa waɗannan wasanni sun zama matsorata. A Afrilun 2024 ɗan wasan barkwanci Jerry Seinfeld ya faɗa wa mujallar New Yorker cewa masu tsattsauran ra'ayin sauyi da tsoron ɓata wa mutane rai ne suka kashe barkwancin talabijin. Wata shida bayan nan, a Oktoba, ya fito ya ce ya janye, maganar ba gaskiya ba ce. Ni kuwa ina ganin da faɗar da janyewar duk ya yi gaggawa.

Wasansa, Seinfeld, yana nan a manhajar tun Oktoban 2021, kashi 180 cif, kamar yadda tashar NBC ta nuna shi daga 1989 zuwa 1998. Shi ne dalilin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba. Mutum huɗu ne a birnin New York, Jerry da George da Elaine da Kramer, kuma babu na kirki ko ɗaya a cikinsu. George maƙaryaci ne, marowaci, ga ragwanci. A ƙarshen zango na bakwai rowarsa ta sa ya sayi ambulan mafi araha na katin gayyatar ɗaurin aurensa, amaryar ta yi ta lasar gam ɗin har guba ta kashe ta. Likita ya sanar da shi a asibiti, sai ka ga fuskar mutumin tana kokawar ɓoye sauƙin da ya samu, daga nan su huɗun suka wuce shan kofi. Na ajiye wayar na yi ta dariya, ina jin kunyar dariyar kuma. Larry David, wanda suka ƙirƙiri wasan tare, dokarsa ga marubuta ita ce ba runguma, ba ɗaukar darasi. Kuma sun riƙe ta har kashin ƙarshe, inda aka ɗaure su huɗun a kurkuku saboda sun tsaya suna yi wa wani da ake yi wa fashi dariya.

Abin da masu cewa "da can an fi 'yanci" suke mantawa shi ne Seinfeld a ƙarƙashin takunkumi aka yi shi. Tashar gama-gari ce, akwai kalmomin da ba a furtawa. Kashin da ya fi suna, na 1992, gasa ce a kan wata ɗabi'a da ba a ambatarta a gaban manya, kuma daga farko har ƙarshe ba su kira sunanta ko sau ɗaya ba. Da habaici da kewaye-kewaye suka gama, har Larry David ya ci kyautar Emmy a kan rubutun. Mai jin Hausa ba sai an yi masa bayanin daɗin irin wannan ba.

Wata 'yar matsala ga masu lura: an yanke hoton sama da ƙasa domin ya cika faffaɗar fuskar talabijin ta zamani. Akwai kashin da George yake nuna wani rami a titi, ramin kuwa yana cikin abin da aka yanke. Yana nuna ƙasa, kai ba ka ganin komai.

To sai sababbi. A Man on the Inside ya fito a Nuwamban 2024, kashi takwas, Michael Schur ne ya tsara. Ted Danson ya fito a matsayin tsohon malamin jami'a da matarsa ta rasu, wata mai binciken sirri ta ɗauke shi aiki ya shiga gidan kula da tsofaffi a San Francisco ya gano wanda ya saci sarƙar wuya. Wasa ne mai kyau, ba na musu. Yadda ya taɓa ciwon mantuwa da kaɗaicin tsufa ya shige ni. Amma kowa a cikinsa mutumin kirki ne. Wanda ya yi baƙar magana a minti na biyar, kafin minti na ashirin da biyar ya zo yana ba da haƙuri da ƙwalla a ido. Murmushi na yi ta yi, dariya kuwa ƙalilan. Irin wannan ne yake sa mutane su ce an ji tsoro, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, kamfanoni sun bi tsofaffin wasanni da almakashi. An cire kashi huɗu na wasan 30 Rock bisa buƙatar Tina Fey, wadda ta ƙirƙire shi, da kanta, saboda fitowar farar fata da baƙin fenti a fuska. Netflix da takwararta Hulu sun cire kashi guda na wasan Community, alhali ɗan wasan da ya shafa baƙin yana kwaikwayon wani aljanin tatsuniya ne, kuma a cikin wasan ma an yi masa tsiya a kai. Wannan na biyun, a ganina, an yi shi ne ba tare da an zauna an kalla ba. Marubucin da ya ga haka dole hannunsa ya yi sanyi.

Sai dai kada a ce zafin ya ƙare, domin a manhajar nan ɗaya akwai Tires. Wasan Shane Gillis ne, ɗan barkwancin da masu shirin talabijin na Saturday Night Live suka ɗauka a 2019 suka kuma sallame shi cikin 'yan kwanaki saboda kalaman da ya yi a kan 'yan China. A Mayun 2024 ga shi da wasansa, labarin garejin gyaran mota a jihar Pennsylvania, inda yake ta muzanta ɗan'uwansa Will mai kula da wurin. Batsa, zagi, zolayar mata da ƙabilu, babu abin da aka bari. Ba wanda ya hana shi, zango na biyu ma ninka masa aka yi, daga kashi shida zuwa goma sha biyu. Na yi dariya a wasu wurare, musamman yadda Will yake daburcewa duk lokacin da ya so nuna shi ne oga. Amma sau da yawa kalmar ce kawai aka jefo, babu gini a bayanta, ana jiran ka yi dariya don an faɗi abin da ba a faɗa. Zagi ba shi da wuya, kowane ɗan tasha ya iya.

Inda na tsaya ke nan. Zolaya tana daɗi ne idan akwai sabo, kuma kowa zai sha nasa rabon, kamar wasan Fulani da Barebari: wanda ya jefa yau ya san gobe za a rama, shi ya sa ba a fushi. Tsofaffin wasannin suna da lokacin gina wannan sabo. Zango ɗaya kashi 22 ne zuwa 24, shekara bayan shekara, har ka san George kamar maƙwabcinka, ka san ƙaryarsa a kansa za ta ƙare. Yanzu kashi takwas ko goma ake ba marubuci, a jira fiye da shekara kafin na gaba, idan ma ba a soke ba. That '90s Show zango biyu ya yi aka rufe shi a 2024. Wanda aka ba kashi takwas ba shi da sararin barin jaruminsa ya zama mugu a hankali. Ko dai ya sa shi ya zama abin so tun daga ranar farko, ko ya cika masa baki da ashar don a lura da shi. Seinfeld kansa zangonsa na farko kashi biyar ne, masu sanyi, kuma sai a zango na huɗu ya kama wuta. Da yau ne, ina shakkar zai kai can.

Kuma ba duk abin da aka bari ne abin kewa ba. Wani mai suna Babu Bhatt, Bapakistanen mai gidan abinci a Seinfeld, dukan barkwancinsa karin harshe ne da kaɗa yatsa, har aka kore shi daga ƙasar saboda sakacin su Jerry. Shi kam ba a taɓa ba shi damar ramawa yadda ya kamata ba sai a kotu a kashin ƙarshe. Yawancin irin waɗannan wuraren yanzu wucewa nake yi.

Ga mai son gwadawa, wata ɗaya na tsarin waya ya isa ka gane ko naka ne. Kunna rubutun Turanci na ƙasa, domin 'yan New York suna magana kamar ana korarsu. Fara Seinfeld daga zango na uku, ka koma baya daga bisani idan ka so. A Man on the Inside ya fi sauran dacewa da kallon falo, ko da yake shi ma akwai 'yan wuraren da za ka yi tari. Tires kuwa sai da abin saƙalawa a kunne, kuma kada ka bar wayar a hannun yara.