Bayolojin JAMB ga mai neman likitanci: littafi, tambayoyin baya, manhaja ko lesin?

Da zarar JAMB ta fara sayar da fom, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidaje daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Jega da Yawuri: yaro na son karatun likita, kuɗi ba yawa, me za a saya masa na bayoloji? Kafin a zaro ko sisi, a san girman aikin. Darussa huɗu zai zana, Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya cikin sauran ukun, jimillar maki 400. Bayoloji na da 100 ke nan. Ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ya cike, ko ta Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko ta jiha a Aliero, masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. A ganina bayoloji ya fi sauran biyun sauƙin tara maki, kuma abin da aka zubar a nan sai an sha wuya kafin a maido shi a fiziks.

Abin da za a fara nema ba sayarwa ake yi ba. Silabos ɗin JAMB yana shafin hukumar a intanet, kuɗin bugawa kawai za a biya. Ya raba darasin gida biyar: ire-iren halittu, ginin jiki da aikin gaɓoɓi, muhalli, gado da bambance-bambance, sai sauyawar halittu a tsawon zamani. Wanda ya sayi littafi ba ya riƙe da wannan takarda zai ɓata makonni a babin da ba za a tambaye shi ba.

Littafi shi ya fi cancantar kuɗin, kuma guda ɗaya ya isa. Biyu ne suka fi yawa a shaguna. Modern Biology na Ramalingam yana da kauri, yana bayani dalla-dalla, da zane-zane masu yawa. Essential Biology na M. C. Michael ya fi kama da rubutun allo na malami, a taƙaice, layi-layi. Yaron da ya samu malamin bayoloji na kirki a sakandare, tunatarwa kawai yake buƙata, na biyun zai wadatar da shi. Amma wanda ya gama makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta ke kulle shekara uku, bai taɓa leƙa madubin likita ba, na farkon ya fi masa, domin taƙaitaccen bayani haddar dole yake jawowa, hadda kuwa takan watse da zarar an juya tambaya. A duba bugun tun a shago. Na jabu yana da araha, amma zanen ƙoda ko na zuciya yakan fito dishi-dishi, sunayen sassan ba sa karantuwa, alhali JAMB na son ta kawo zane ta sa lamba ta ce mene ne wannan. Tsohon littafin asali daga hannun yaya ko ɗan maƙwabta ya fi sabon jabu.

Ɗan Kebbi ma yana da wata riba da ba ya lura da ita: rabin babin muhalli a ƙofar gidansu yake. Kuka, gawo da ƙaya na yankin tsirrai da ake kira dajin Sudan ne, in aka gangara wajen Zuru da Yawuri ɗorawa da kaɗanya su ƙaru, an shiga dajin Gini. Karfasar da ake zanawa a littafi ita ce ake kamawa a kogin Argungu. Tsargiyar da ke kama masu wanka a fadama ta jikin dodon koɗi take bi kafin ta shiga fatar mutum. Ƙulle-ƙullen da ke saiwar wake da gyaɗa gidan ƙwayoyin da ke ƙara wa ƙasa taki ne. Ko lissafin gado, gwajin jini kafin aure ya riga ya koya mana shi: AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Wanda ya gane wannan da hannunsa a takarda ba zai ruɗe da waken Mendel, masanin da ya gano dokokin gado, da rabonsa na 3 da 1 ba. Sai babin Lamarck da Darwin kan sauyawar halittu, wanda wasu yaranmu ke tsallakewa saboda ƙyamar maganar. Yana cikin silabos, gajere ne, kuma sanin abin da mutum ya faɗa ba yarda da shi ba ne.

Ƙasidar tambayoyin shekarun baya ita ce ta biyu a saye. A zaɓi wadda aka jera babi-babi kuma aka yi bayanin kowace amsa, ba mai A, B, C tsirara a shafin ƙarshe ba. Masu bugawa ne ke sa amsoshin, ba JAMB ba, kuma ana samun kuskure. In ƙasida da littafi suka saɓa, a bi littafi.

Manhajar waya ta gwada amsa tambayoyin JAMB tana da amfani ɗaya da takarda ba ta da shi, wato agogo. Tambaya 180 cikin minti 120 na nufin sakan 40 ga kowace, don haka sai an yi saurin gama bayoloji a bar wa lissafin fiziks lokaci. A nemi wadda ke aiki ba data. Sai dai waya tana zuwa da TikTok a cikinta, kuma jarrabawar da kwamfuta ake yi, ba da babban yatsa ba. Yaron da bai saba ba gara a biya masa 'yan awanni a cibiyar kwamfuta ya koyi danna N don gaba da P don baya, a kuma yi masa rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke yi kafin ta gaske.

Lesin shi ya fi tsada, kuma shi ne ingancinsa ya fi bambanta daga wuri zuwa wuri. Ajin da aka cusa yara kamar buhunan shinkafa, malami na karanto amsa suna maimaitawa, bai fi zama a gida ba. In kuɗin lesin na darasi ɗaya ne kawai, ni kemistiri ko fiziks zan ba, domin bayoloji yana karantuwa da littafi da abokan karatu biyu ko uku. Duk cibiyar da ta yi alkawarin tambayoyin bana ko ƙarin maki, a juya mata baya. JAMB na riƙe sakamako a kan haka. Kafin a biya kuɗin wata, a roƙi yaro ya zauna aji ɗaya, ya tambayi malamin dalilin da ya sa bangon ɗakin hagu na ƙasan zuciya ya fi na dama kauri. In ya ɗauki alli ya zana hanyar jini zuwa huhu da hanyarsa zuwa dukan jiki, a biya. In ya ce haka yake a littafi, a riƙe kuɗin.